Yadda ake bibiyar yashin ƙasan teku idan an kafa fankokin lantarki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Tarkwa Bay ko Elegushi ya bar igiya ta bi ta ƙafarsa ya san abin da zan faɗa, ruwan na komawa sai ka ji yashin ƙarƙashin diddigenka yana zamewa, kafin igiya ta uku ƙafa ta nutse har idon sawu. To abin da ke samun ƙafar fankar lantarki, wato wadda iska ke juyawa tana samar da wuta, da ake kafawa a teku kenan, sai dai ita ƙafarta bututun ƙarfe ne da faɗinsa kan kai mita 8 ko fiye, kuma a wurin za ta tsaya shekara ashirin da wani abu ruwa na cin gindinta dare da rana.

Ni aikina awon ƙasan ruwa ne a nan Legas, kuma ƙannenmu na Agege da Idi Araba da suka gama karatun kimiyya suna yawan tambayata yadda ake yi. Mu dai ba mu da fanka ko ɗaya a teku, wanda muka sani shi ne na Lambar Rimi a Katsina mai megawat 10, shi kuma a tudu yake. Turawa sun fara tun 1991 a Vindeby ta ƙasar Danmak da fanka 11. Amma kayan awon iri ɗaya ne da waɗanda muke aiki da su wajen yashe hanyar jirgi da ginin tashar ruwa, wanda ya iya wannan ya iya wancan.

Fara da sanin abin da kake nema tukuna. Ruwa in ya daki ƙarfen ba ya wucewa salin alin, wani sashe yana nutsawa ƙasa ya nannaɗe gindin kamar gammo yana kwashe yashi, sai rami ya buɗe. Lissafin da injiniyoyi ke amfani da shi, in ƙasan yashi ne ba a kare shi ba, zurfin ramin kan kai faɗin ƙarfen sau 1.3, wato ƙarfe mai mita 6 ramin ya doshi mita 8. Ba wasa ba ne fa, a tashar fankokin Robin Rigg da ke teku tsakanin Ingila da Sikotilan sai da aka cire fanka biyu a 2015 saboda ƙasan wurin ya gusa. Shi ya sa ake zuba duwatsu a kewaye, ƙanana a ƙasa manya a sama, amma sau da yawa zaizayar sai ta koma bakin duwatsun ta ci gaba da aikinta a can. Ga kuma lakar da ke tashi, a 2014 masu bincike a Beljiyam sun duba hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat 8 suka ga wutsiyar ruwa mai dauɗa a bayan fankokin London Array da Thanet da ke tekun Ingila, faɗinta mita 30 zuwa 150, tsawonta kilomitoci, tana juyawa duk inda ruwa ya juya. Sai ramin da ake tonawa a binne kebul, sai kuma ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa ƙarfen suna zubar da kashinsu ƙasa, a Beljiyam an ga ƙasan da ke kusa da fanka ya fi laushi kuma ya fi ruɓaɓɓen abu.

Yawwa, yanzu aikin kansa. Abu na farko kuma wanda na fi damuwa da shi, ka auna kafin a buga ƙarfe ko ɗaya. In ba ka da awon farko wallahi duk abin da ka auna daga baya musu ne kawai zai zama, ɗan kwangila ya ce dama haka wurin yake, masunta su ce ƙarya ne, ba mai raba gardama. Mu mutanen Legas bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Yashin gaɓarmu daga yamma yake tafiya zuwa gabas, da aka gina katangun duwatsu a bakin tashar jirgin ruwa tun daga 1908 sai yashin ya tsaya ya taru ta gefen Lighthouse Beach, Bar Beach kuma ta rasa mai ciyar da ita teku ya yi ta cinta shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello Way. Abu ɗaya aka dasa a ruwa, aka biya kuɗinsa a wani wuri can daban. Don haka ka auna a damina lokacin da tekunmu ke haushi wajen Yuli zuwa Satumba, ka kuma auna a rani, sannan ka zaɓi wani wuri mai irin zurfin da irin yashin amma nesa da aikin kana auna shi tare, don in yashi ya canza a wuraren biyu ka san yanayi ne ba fanka ba.

Taswirar ƙasan ana yin ta da na'urar sauti mai baza murya kamar mafici a ƙarƙashin jirgi, jirgin yana kai da komo layi-layi kamar mai huɗa, kowane layi ya ɗan hau kan na kusa da shi don kar a bar giɓi. Sauti yana gudun wajen mita 1,500 a daƙiƙa a ruwan teku amma gishiri da zafi suna canza shi, kuma a nan inda ruwan lagun, wato tafkin Legas, ke haɗuwa da na teku abin na canzawa ko a wuni ɗaya, saboda haka ka riƙa jefa ma'aunin gudun sauti akai-akai, ka kuma cire cikar teku da janyewarsa daga lissafi. In ka yi sakaci da waɗannan biyun kwamfuta za ta nuna maka ramin da babu shi. Bayan gini sai a sake bin layukan nan dai, a ɗora sabuwar taswira kan tsohuwa, inda aka rasa yashi da inda ya taru duk su fito.

Ɗibar samfur shi ne inda na fi so a tsaya a koya da kyau don a nan hannu ke taɓa ƙasan. Ana sauke wani ƙarfe mai baki biyu da ake kira Van Veen, yana cizon fili kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita, yana taɓa ƙasa a ja igiya ya rufe. In ya hau ka ga dutse ko ɓawo ya tokare bakin, ruwa na tsiyaya, zubar ka sake, don laushin ya riga ya gudu abin da ya rage ba gaskiyar wurin ba ce. In ya rufe ruf sai ka buɗe murfin sama a hankali, kar ka dama, ka duba da ido ka sansana. Sama-sama ruwan ƙasa-ƙasa alama ce iska na shiga, in kuwa ka soka yatsa ka ga baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai to wurin ya shaƙe. Ɗauki hoto, rubuta lambar wurin da fensir a takarda ka saka cikin leda, ka sake rubutawa a waje, don rubutun alƙalamin maka yana gogewa a cikin kula in ƙanƙara ta narke, na ga aikin wuni guda ya lalace a kan haka kuma abin ya yi min ciwo sosai. Kowane wuri a ɗiba akalla sau uku, a fara daga kusa da ƙarfen ana nisantawa, kuma a bi ta inda ruwa ke gangarawa.

A ɗakin gwaji tankaɗe ne kamar na garin tuwo, a busar a zuba a jerin rariya. Abin da ya tsaya a kan ta milimita 2 tsakuwa ne, wanda ya wuce ta maikiron 63 (maikiron dubu ne milimita ɗaya) laka ce, na tsakani shi ne yashi, kowanne a ɗora a sikeli. Wani ɓangaren kuma a ƙona shi a zafin digiri wajen 500, nauyin da ya ragu shi ne ruɓaɓɓen abin da ke ciki.

Dauɗar ruwa kuma ana ajiye mata na'ura a ƙasa tare da mai auna gudun ruwa, kar a cire kafin sati biyu, wata guda ya fi, saboda ruwa ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, in ka auna kwana uku kacal ba ka ga komai ba. Ka riƙa ɗibar ruwa a kwalba ana tacewa ana aunawa don a gwada da abin da na'urar ke faɗa.

Bayan an gama gini a koma da wuri don ramin a farko ya fi saurin zurfi, a koma bayan duk wata babbar guguwa, sannan shekara-shekara, kuma a bi kan kebul a tabbatar bai fito fili ba. Kar a raina masunta, su ne ke fara sanin inda raga ta fara maƙalewa da inda ƙasa ta koma taɓo, a zauna da su a rubuta abin da suka ce. Dokar duba tasirin aiki ga muhalli ta 1992 dama ta wajabta bincike kafin manyan ayyuka a ƙasar nan, kuma cibiyar binciken teku ta NIOMR tana nan Victoria Island, wanda ke son shiga harkar ya fara neman aikin sanin makama a can ko a wajen masu awon tashar ruwa, ya roƙa a ɗauke shi fita ko sau ɗaya ya riƙe igiyar Van Veen ɗin da hannunsa.