Yadda ake ɗaukar hoto da tsohuwar kyamarar Speed Graphic

Kamfanin Graflex na garin Rochester a Amurka ya ƙera wannan kyamara daga 1912 har zuwa 1973. Da ita 'yan jaridar Amurka suka yi ta aiki, kuma da ita Joe Rosenthal ya ɗauki hoton kafa tuta a Iwo Jima a 1945. Fim ɗinta falle-falle ne, inci 4 a inci 5, kowane hoto da fallensa, shi ya sa ba ta son gaggawa.

Aikin farko a cikin duhu ake yinsa, duhun da ba ka ganin tafin hannunka. Gidan fim, wato ɗan siririn akwatin da ake zura fim a ciki, yana cin falle biyu, gaba da baya. Riƙe fallen a tsaye, ka laluba gefensa da yatsa har ka ji 'yar tsagar da aka yi masa a kusurwa. Idan tsagar tana sama ta hannun dama, fuskar da ke kama haske ce ke kallonka. Zura shi a gidan fim, ka rufe da allon da ke kare shi daga haske, farin gefen a waje, alamar ba a yi amfani da shi ba.

Sai ka ɗora kyamarar bisa ƙafa uku, ka danna maɓallin da ke ɓoye ƙarƙashin fata, gabanta ya faɗo. Jawo idon kyamarar, wato gilashin gaba da haske ke shiga ta cikinsa, a hankali, jakar ta miƙe kamar zugazugin maƙeri. Buɗe idon gaba ɗaya, ka tabbatar labulen baya da ke tare haske a cikin kyamarar ma a buɗe yake, sannan ka lulluɓe kanka da baƙin mayafi ka dubi gilashin baya. Hoton zai fito kai a ƙasa. Kada ka damu, haka take. Murza abin saita hoto har gashin idon mutumin da kake ɗauka ya fito ɗaya-ɗaya. Ni dai wannan lokacin na fi ƙauna a duk aikin.

Ga inda masu koyo ke ɓarna, don haka ka kiyaye: rufe idon kafin komai. Auna haske, ka saita girman ƙofar idon, misali f/16, ka ɗana kunamar ɗaukar hoto, sannan ka saka gidan fim ka zare allon da ke fuskantar ido. Wanda ya zare alhali idon na buɗe ya ƙona fallensa, na taɓa yi kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Danna maɓallin ɗaukar hoto. Mayar da allon, baƙin gefen a waje, ka juya gidan fim don falle na biyu.