Shawara ga masu ɗura zoɓo da kunun aya a gora

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Tunda zafi ya kama, bari in ja hankalinmu kan ɗurin abin sha.

Bara da bazara na ɗura lemon citta a kwalaben gilashi na jera a ɗaki, ga shi ƙauyenmu nan gefen Ringim wuta sai an ga dama. Kwana biyu, cikin dare sai muka ji tas! Kwalba ta fashe, gilashi har kan tabarmar da yarana suke kwance. Allah ne ya kiyaye.

Dalili shi ne akwai ƙwayoyin yis a jikin citta da aya da cikin iska. Su ne ke cin sukarin suna fitar da gas, zafi kuma yana ƙara musu ƙarfi. Murfi a rufe gam, iskar ba ta da mafita. In abin ya daɗe ma, tsamin yana iya kaiwa ga barasa, kuma babu wadda za ta so ta sayar wa jama'a wannan.

Ki yi amfani da gorar roba. Ki wanke da sabulu da ruwan ɗumi, ki kife ta bushe sarai. Ki bari zoɓon ya huce tukuna, sannan kada ki cika har baki, ki bar kamar yatsu biyu. Kafin ki ba yaro talla, ki matsa gorar da hannu. In ta yi tauri ko ta kumbura, ko kin buɗe ta yi fuuu da kumfa, zubarwa za ki yi.

Kunun aya ya fi saurin lalacewa, a wannan zafin in babu ƙanƙara a cikin kula ko yini ba ya kaiwa, don haka ki dama iya wanda zai ƙare.