Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Karkasa Shirye-shiryen Rediyo

Rukunin da aka sanya shirin rediyo a cikinsa shi ne ke nuna sashen da zai kula da shi, da lokacin da za a watsa shi, da ƙa'idar aikin da za ta hau kansa, da kuma inda za a neme shi a ma'adana bayan shekaru. Duk da haka, a gidajen rediyo da yawa akan bar wannan aiki a hannun duk wanda ya samu sarari, shi ya sa kurakurai iri ɗaya suke ta maimaituwa.

Wanda ya fi yawa shi ne haɗa ma'aunai daban-daban a jeri guda. Sai ka ga jadawali an rubuta labarai, lafiya, mata, kiran waya, wasan kwaikwayo, kamar duk abu ɗaya ake aunawa, alhali lafiya fanni ne, mata masu sauraro ne, kiran waya da wasan kwaikwayo kuwa siga ce ta gabatarwa. To, idan aka yi shirin da mata ke bugo waya suna yi wa likita tambaya a kan goyon ciki, ina za a ajiye shi? Shirye-shiryen Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, sun isa misali: Lafiya Zinariya fanninsa ne ya bambanta shi, Gane Mini Hanya hira ce, Ra'ayi Riga kuma muhawara ce da masu sauraro wadda batunta ke sauyawa kowane mako. Gyaran shi ne a yi wa kowane shiri tambayoyi huɗu, a rubuta amsar kowace a gurbinta: a kan me ake magana, da wace siga, domin su wa, kuma da wace manufa. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, wato EBU, a kan irin wannan rabe-rabe ta gina tsarinta mai suna ESCORT, kuma ƙaramar tasha ma za ta iya yin haka da littafin rajista kawai.

Kusa da wannan akwai ɗaukar ilimantarwa da faɗakarwa da nishaɗantarwa a matsayin rukunai uku da kowane shiri zai faɗa ɗaya daga cikinsu. Waɗannan manufofi ne na aikin watsa shirye-shirye gaba ɗaya, waɗanda ake dangantawa da John Reith, babban daraktan BBC na farko, kuma shiri mai kyau yakan ɗauki biyu ko duka ukun. Samanja Mazan Fama, wanda ya yi suna a rediyo da talabijin daga Kaduna, ya ba mutane dariya, ya kuma nuna wa farar hula yadda rayuwar bariki take. Idan aka rubuta masa nishaɗi kawai an tauye shi, don haka sai a ce sigarsa wasan kwaikwayo, sannan a jera manufofinsa gwargwadon ƙarfinsu.

Kuskuren da ya fi damuna, domin cutarsa ba ta tsaya a takarda ba, shi ne sanya shirin da aka saya cikin rukunin labarai da al'amuran yau da kullum. A Kano da sauran biranen Arewa an san sojojin baka, masu hawa filin da ɗan siyasa ya biya domin su yabi gwaninsu su soki abokin hamayyarsa. Wannan fili ne na ɗaukar nauyi, ko da an yi masa taken buɗewa irin na labarai, ko da ɗan jarida ne ke gabatar da shi. Manomin da ke sauraro a gona da rediyonsa mai batir yana da haƙƙin ya san ko abin da yake ji ɗakin labarai ne ya tantance shi, ko kuwa kuɗi ne ya shigo da shi. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya, wadda aka kafa a 1992, ta wajabta a bambanta talla da sauran shirye-shirye, kuma doka ta hana watsa yaƙin neman zaɓe a cikin sa'o'i 24 kafin ranar jefa ƙuri'a, saboda haka tashar da ta ɓoye irin wannan fili a ƙarƙashin labarai tana iya karya doka ba tare da ta lura ba. Haka mai maganin gargajiya da ya sayi rabin sa'a yana tallata garin maganinsa: buɗewa da addu'a ba ya mayar da filin shirin addini, ambaton basur da shawara kuma ba ya mayar da shi shirin lafiya. Abin da ya dace shi ne a ware gurbi na musamman da ke nuna wanda ya biya kuɗin shiri, a kuma sanar da masu sauraro a farkonsa da ƙarshensa.

Mujalla ma tana shan wahala, domin ta zama buhun da ake zuba duk abin da aka rasa masa suna. Shirin mujalla na gaskiya yana da sassa gajeru mabambanta da mai gabatarwa ke ɗinkewa, kamar Taɓa Kiɗi Taɓa Karatu, kuma hira ɗaya ta minti talatin ba ta cika wannan sharaɗi ba. Zaɓi sonka kuwa ana yawan jefa shi cikin kiɗa da waƙa, amma gaisuwar masu sauraro ga 'yan uwa da abokan arziki ita ce ƙashin bayansa, saboda haka ya kamata a nuna cewa shiri ne na masu sauraro.

Akwai kuma barin rukuni yadda yake bayan shirin ya sauya. Filin da aka fara a matsayin tattaunawa kan noma yana iya rikiɗewa ya koma tallar taki da iri idan mai ɗaukar nauyi ya shigo, shi ya sa ya kamata shugaban sashen shirye-shirye ya riƙa sauraren samfuri daga kowane fili duk lokacin da za a sabunta jadawalin zango, ya gyara rajistar bisa abin da ya ji da kunnensa.