Yadda ake sauya wa ƙungiyar ɗalibai salon kai hari

Mai horarwar da ya karɓi ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ɗalibai a Maradi, kuma ya ƙudura raba ta da dogon bugu zuwa ga ɗan gaba guda domin ta koma tsarin 4-3-3 (ƴan baya huɗu, ƴan tsakiya uku, ƴan gaba uku) na gajeren miƙa ƙwallo, ya kamata ya fara da lissafin kwanakin da ke hannunsa. A Amurka, inda jami'o'i ke buga irin tasu ƙwallon da ake runguma a hannu, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ba manyan ƙungiyoyi atisaye 15 kacal wajen watannin Maris da Afrilu. Mu ma lokacinmu ƙanƙane ne, domin ɗalibi yana da darasi da jarrabawa, kuma idan zafin Afrilu ya haura digiri 40 babu mai fita fili sai bayan la'asar.

Saboda haka a fara daga baya, wato daga gola. Tun 2019 doka ta halatta wa ɗan baya ya karɓi bugun gola yana cikin da'irarsu, don haka sai ƴan baya biyu na tsakiya su buɗe dama da hagu, mai lamba 6, wato ɗan tsakiyan da ke tsaron baya, ya sauko tsakaninsu. A maimaita wannan fita minti goma kullum ba tare da abokin hamayya ba, kamar yadda Arrigo Sacchi ya riƙa sa ƴan wasan AC Milan su yi lokacin da yake horar da su, har kowa ya san gurbinsa ba sai ya duba ba. Bayan haka a shiga wasan zobe, mutum biyar a kewaye, biyu a tsakiya suna farautar ƙwallo. Filayenmu na yashi ne, kuma yashi yana cinye bugu mai laushi, saboda haka a koya musu buga ƙwallo da cikin ƙafa da ƙarfi, a kuma zaga filin a gane ɓangaren da ƙasa ta fi tauri domin a riƙa fita ta can. Kalmomin kira su zama gajeru, harshe ɗaya, irin su "bayanka", "juya" da "buɗe".

Inda aikin ya fi wuya shi ne wurin ƴan gefe, masu lamba 7 da 11. Na sha ganin yaro ya tsaya a bakin layi yana ɗaga hannu, minti uku ƙwallo ba ta zo ba, sai haƙurinsa ya ƙare ya kutso tsakiya, ya toshe hanyar da ɗan tsakiya mai lamba 8 zai bi. Maganin da na ga ya yi aiki shi ne a zuba toka a ja layi, taku biyar daga gefen fili, a ce masa kada ya ƙetare shi har sai ƙwallo ta taɓa ƙafarsa. Shi kuwa ɗan gaba mai lamba 9, wanda da can duk bugu nasa ne, a keɓe da shi a fahimtar da shi cewa ƙwallon da za ta iske shi za ta ragu, amma wadda ta zo za ta same shi kusa da raga.

A shirya wasan sada zumunci biyu kafin gasa, a sa wani ya riƙa ƙirga sau nawa ƙwallo ta tashi daga gola ta isa tsakiya lafiya, domin wannan adadin ya fi yawan ƙwallayen da aka ci nuna ko tsarin ya zauna. Idan aka sha kashi kada a koma gidan jiya. Pep Guardiola, lokacin da yake horar da Barcelona, ya fara gasar Sifaniya ta 2008 da shan kashi 1-0 a hannun Numancia, ya yi kunnen doki da Racing Santander, amma a 2009 Barcelona ta ɗauki kofuna uku manya. Duk da haka a bar wa gola ƙofa ɗaya: idan abokan hamayya suka taso da mutum biyar ko shida bakin da'ira, ya ɗaga ƙwallo kai tsaye zuwa ga ɗan gefen da ke jira a bayan layin toka.