Yadda ake gyara soket da makunnin da suka ƙi kwanciya a jikin bango

Da wuya in shiga gida aiki a Kaduna, ko a Rigasa ne ko a Unguwan Rimi, ban tarar da soket ɗaya da ya ɗaga baki ba. Gefe guda ya manne da bango, ɗaya gefen kuma da tazarar da tsinken ashana zai shige. Masu gida sukan ɗauka kyan ɗaki ne kawai ya ragu. Alhali ta wannan kafar ƙurar hunturu ke shiga, kyankyasai da tururuwa su tare a ciki, yaro mai rarrafe ya zura cokali. Kuma duk sanda aka fizge fulogin dutsen guga sai soket ɗin ya motsa, wayoyin bayansa su riƙa sassautawa a hankali har su fara zafi. Wuta mai ƙarfin bolt 230 ce a bayan farar robar nan.

Abin da sabon hannu ke fara yi shi ne ya ɗauko sukundireba ya ƙara matse sukurun. Na sha ganin yara masu koyon aiki suna yi: su murɗa, su ƙara murɗawa, sai ka ji ƙas, fuskar soket ɗin ta tsage daga bakin ramin sukuru. Aikin sukuru riƙewa ne kawai. Idan fuska ta ƙi kwanciya, to wani abu ne ya tokare ta daga baya, ko kuma abin da ya kamata ta kwanta a kai ya zube. Sai ka buɗe ka gani da idonka.

Kafin ka taɓa komai

"Ai an ɗauke wuta" ba kashe wuta ba ne. Ana iya dawo da ita hannunka na cikin akwati. Ka je ka sauke babbar bireka ta gidan, ka mayar da canji, wato makunnin sauya layin wuta, tsakiya idan akwai janareta, sannan ka kashe inbata. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, domin gidajen da suka sa sola da yawa an ware musu wasu soket da fitilu a layi daban, suna nan da wuta ko da unguwa duka ta yi duhu. Ka faɗa wa mutanen gida kada wanda ya ɗaga bireka. Testarka kuma ka fara gwada ta a inda ka san akwai wuta kafin ka kashe, don ka tabbata tana kamawa, kuma ka kare ta da tafin hannu lokacin dubawa, saboda hasken rana na ɓoye ɗan jan da take nunawa. Idan ka sauke bireka amma testa ta ci gaba da kamawa, ka tsaya nan ka kira mai gyaran wuta.

Wani abu kuma: kada bidiyoyin Amurka su rikita ka. A can murfin daban yake, soket ɗin daban, wutarsu ma bolt 120 ce. Mu tsarin Ingila muke bi, mai ƙafa uku masu kusurwa da amfiya 13, inda fuska da soket abu ɗaya ne, sukuru biyu ke riƙe su a jikin akwatin da aka binne a bango. Ƙaramin, wanda a kasuwa ake kira uku-da-uku, milimita 86 ne kowane gefe. Mai baki biyu, uku-da-shida, faɗinsa milimita 146.

Ka kwance sukurun biyu, ka jawo fuskar a hankali, ka haska ciki da fitilar waya. Ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin ka cire ko ɗaya.

Wayoyin da suka cika akwati

A nan zan daɗe, domin a ganina mafi yawan soket ɗin da suka ɗaga baki daga nan matsalarsu take, kuma a nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa.

Ina cikin shekarar farko ta koyon aiki, muna haɗa wutar wani sabon gida a Kawo. Aka bar mini soket mai baki biyu a kicin. Layi uku ne suka haɗu a akwatin, duk waya mai kaurin 2.5, wato tara ke nan idan ka ƙirga layif mai ɗauke da wuta, da nitiral, da at, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa. Na ɗaura su, na tura fuskar ta ƙi shiga. Sai na danne ta da tafin hannu na murɗa sukurun har ta kwanta, na yi murna. Da aka ɗaga bireka sai ga ƙara da tartsatsi, baƙin hayaƙi ya ɓata sabon fenti. Da oga ya buɗe, ashe sukurun ya bi ta jikin jar wayar ya huda robarta. Ya nuna mini wurin da yatsa ya ce, "Ka gode wa Allah gidan nan yana da at. Da babu, bireka ba za ta faɗi ba, kan sukurun nan ne zai ɗauki wuta ya zauna yana jiran hannun Hajiya a jiƙe." Ka san kuwa gidaje nawa ne a garin nan da ba a ja musu wayar at ba.

Don haka ka fara duba inda kunnuwan akwatin suke, wato ƙananan ƙarafan nan biyu na dama da hagu da sukuru ke shiga. Hanyar sukurun ta wuce kunnen har kusa da bayan akwati, kuma kada waya ko ɗaya ta gitta wannan hanya. Ka lanƙwasa wayoyin tun kafin ka tura fuskar, kowace ka ba ta ninki biyu kamar harafin Z, ta yadda idan ka tura za su naɗe kansu su koma baya. Masu tauri su fara shiga, su kwanta a can ƙasan akwati ko samansa. Kada ka murɗe su wuri guda kamar igiya, dunƙulen da suke yi shi ke tokare bayan soket.

Tsawon waya shi ma yana da nasa. Kimanin santimita 15 daga bakin fayif ya isa. Wasu masu aiki kan bar kusan kamu biyu su cusa, wannan sai a rage. Amma kada ka yanke ta ta gajarce har sai ka ja da ƙarfi kafin ta kai bakin soket, gyaran wannan ya fi wuya. Idan waya mai riga biyu ce, ka feɗe rigar wajen, ɗan kaɗan kawai ya shigo akwatin. Idan ka tarar da haɗi da aka naɗe da baƙin tef har ya yi ƙato kamar goro, ka warware shi ka sa kwanekta, wato ɗan maƙalin haɗa waya. Ni ba na barin haɗin tef a bayan soket ko na waye.

Ga gwajin da nake koya wa yara. Bayan ka shirya wayoyin, ka tura fuskar da yatsu biyu kawai. Idan ta kwanta a bango ba tare da ta turo ka ba, sai ka sa sukuru. Idan tana dawowa kamar da sifirin a bayanta, ka jawo ta ka sake shiri. Ko sau huɗu ne ka sake.

Wani lokaci kuma akwatin ne bai da zurfi. Akwatunan ƙarfe na zuwa da zurfin milimita 16, 25, 35 da 47. Mai 16 na makunnin fitila ne kawai. Mai 25 yana ɗaukar soket na yau da kullum idan wayoyin ba su yi yawa ba. Sababbin soket masu ramin cajin USB kuwa bayansu na da kauri, da yawansu sai mai 35. Mutum zai sayo irin wannan a Kasuwar Sheikh Gumi don ya ga ya yi kyau, ya zo gida ya ƙi shiga. Ko dai ka mayar ka karɓi na gargajiya, ko ka fasa bango ka canza akwati. Na farkon ya fi sauƙi a aljihu nesa ba kusa ba.

Tunda fuskar na hannunka, ka ja kowace waya kaɗan ka ji ko ta yi sako-sako a maƙalinta, ka matse. Ja ko ruwan ƙasa ita ce layif, tana zuwa L. Baƙa ko shuɗiya nitiral ce, N. Kore, ko kore da rawaya, ita ce at. Amma kada ka amince da launi ɗari bisa ɗari, na sha ganin gidan da aka ja duka da waya kala ɗaya saboda ita ta rage. Amfanin hoton da ka ɗauka ke nan.

Siminti, akwati da bango

Idan wayoyi ba su da laifi, ka duba aikin masu filasta. Ana cusa takardar buhun siminti a akwati kafin a yi yaɓe, duk da haka kwaɓin kan shiga ya daskare a kusurwa ko a bayan kunne. Ɗan dunƙule kamar ƙwayar gyaɗa ya isa ya hana soket zama. Ka ɓanɓare shi da tsohuwar sukundireba da ƙaramar guduma, kana kare wayoyin da yatsa, ka share garin.

Akwatin da ya nutse cikin bango shi ne na biyu a yawa, musamman inda aka ƙara sikiridin, wato shafen gyara fuskar bango, ko aka manna tayil daga baya. Sukurun da ya zo da soket ba ya kaiwa, ko ya kama da zare ɗaya kawai. Maganinsa dogon sukuru irin nasa, wato M3.5, akwai mai milimita 50 har da 75 a wajen masu kayan wuta. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma sai ka ga an ɗauko sukurun kafinta mai tsini an ɗura. Wannan yana cinye zaren kunnen, tsininsa kuma shi ne mai huda waya. Ka lura kuma, dogon sukuru idan ya wuce kima yana dukan bayan akwati ya tsaya, kai kana jin ya matse alhali fuskar na lilo. Ka auna, ka rage shi da zarton ƙarfe, ka goge bakin.

Idan bakin ramin ya farfashe har fuskar na faɗawa ciki ta gefe ɗaya, ka cike gefen da kwaɓin siminti da yashi mai laushi, ko POP idan wurin ba ya samun danshi. Ka sa ɗan kwali a bakin akwatin ya tare kwaɓin, ka shafe daidai da bango, ka cire kwalin idan ya kama. Ka bar shi ya kwana kafin ka ɗaura. Kada ka cusa takarda ko tsinken ashana ko tsumma a bayan fuska don ta daidaita, duk abin da wuta ke ci ba shi da wuri a nan.

Akwatin da ya turo waje ya fi ban haushi. Ka ɗora rula a kan bango ta ratsa bakinsa, idan rular ta hau ƙarfe ta bar bango, ya turo. In kaɗan ne kuma na roba ne, ana iya goge bakin. In ya kai kaurin fensir, babu gajeriyar hanya: a cire wayoyi, a sassaƙe gefensa, a zurfafa ramin, a mayar da shi a kama da siminti ya ɗan nutse ƙasa da fuskar bango. Haka ma akwatin da ke girgiza idan ka taɓa shi. Kada ka buga shi da guduma don ya koma, zai lanƙwashe ne kunnuwan su kauce, kuma tazarar ramukan soket ba ta canzawa, milimita 60.3 ce a ƙaramin, 120.6 a babban.

Sauran na bango ne. Tudun filasta ko busasshen fenti a gefen rami, ka kankare ka bi da samfefa. A kicin da banɗaki, idan soket ya hau tayil biyu da ɗaya ya fi ɗaya tudu, kada ka tilasta shi, ka matse daidai gwargwado ka bi ƙaramar kafar da silikon.

Kunnen da zarensa ya cinye, akwai ɗan ƙarfen sake zare na M3.5, ka murɗa shi ciki sau biyu ya wadatar. Wanda tsatsa ta cinye ko ya karye, kamar yadda ake gani a bangon da ke shan danshin damina, a canza akwatin. Ita ma fuskar ka kifa ta a kan tebur ka gani. Idan tana rawa, ta bauɗe. Idan da launin ƙuna ko warin roba a bayanta, ta gama aiki, ka yar. Ka sayi mai nauyi a hannu, irin su MK ko Legrand idan ka samu na ainihi, don jabu sun cika kasuwa.

Wajen ɗaurawa, ka kama sukurun biyu da yatsa tukuna, sannan ka riƙa murɗa na dama kaɗan, na hagu kaɗan. A akwatin ƙarfe kunne ɗaya yakan yi sama da ƙasa, da shi za ka miƙar da fuskar idan ta karkace. Da zarar ta taɓa bango ta daina motsi, ka ƙara kwatan juyi ka tsaya. Da hannu, ban da injin ɗauri. Ka ɗaga bireka, ka taɓa kan sukurun biyu da testa ka tabbata ba sa kamawa, sannan ka sa fulogi ka zare sau uku kana kallon gefen fuskar. Idan soket na dutsen guga ne ko hita, ka bar kayan ya yi aiki minti goma, ka ɗora bayan hannunka a kan robar ka ji ko ta ɗau zafi.