Yadda Ake Gane Ƙuda Ɗan Fashi da Bambanta Ire-irensa

Ƙuda ɗan fashi, wanda masana ke kiran danginsa Asilidae, ƙwaro ne da ke cafke wasu ƙwari suna cikin tashi, ya soke su da baki, ya zuba musu yawu mai kashe jiki, sannan ya tsotse cikinsu. An gano ire-irensa fiye da 7,000 a duniya. Mai son bambanta su kada ya fara da launi, domin launi shi ya fi yaudara.

Da farko ka neme shi da rana tsaka, lokacin da zafi ya buɗe. Yana zama a kan kara, dutse ko tsurar ƙasa yana dakon abin farauta. In ya tashi kada ka bi shi, sau da yawa wurin zai dawo. Ka ɗauki hoto uku: fuska, gefe, da ta sama inda fukafukai suka fito sosai. Ban da kamu da hannu, cizonsa da zafi.

Sai ka tabbatar ƙuda ne. Fukafukansa biyu ne kacal, alhali mazari, zanzaro da ƙudan zuma huɗu gare su.

Daga nan ka koma kai, nan ne aikin yake. Tsakanin manyan idanunsa biyu, ta sama, akwai kwarmi, ƙoƙon kan ya lotsa ciki. Idanun ba sa haɗuwa ko a namiji ko a mace, saɓanin namijin bobuwa da nasa ke manne da juna. A ƙasan 'yan ƙahonninsa kuma akwai tarin gashi mai tauri kamar gashin baki, wanda ke kare masa fuska in abin da ya kama yana shure-shure. Ƙarƙashin gashin sai gajeren baki mai tsini. Kwarmi, gashi, baki: in ukun nan suka cika, shi ne.

Yanzu ka ƙara girman hoton ƙahonnin. In siririn zaren da ke ƙarshensu yana da gashi jere, kana tare da Ommatius ko wani ɗan uwansa na kusa. Wannan alama ce mai sauƙi, amma sai hoton ya fita tangaran.

Sannan siffar jiki. Babba mai dogon ciki da ke tsukewa ta baya, musamman in namijin na da farin gashi a ƙarshen ciki, ka fara zargin Promachus. Siriri ƙwarai mai shawagi a hankali cikin ciyawa, Leptogaster ne ko danginsa. Su sukan tsinci ƙwaron da ke zaune a ganye ne. Ƙarami mai faɗin kai, idanu sun bazu gefe da gefe, ka duba Damalis. Ƙananan masu ruwan toka da ke zama a yashin bakin rafi kuwa galibi Stichopogon ne.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne Hyperechia na Afirka. Baƙi ne, mai kauri da gashi, sak babban ƙudan zuman nan da ke huda busasshen itace, kuma tsutsarsa tsutsar wancan take ci a cikin ramin. Ƙirga fukafukai ka duba kwarmin kai, asirinsa zai tonu.

Hoto yakan kai ka ga jinsi, wato rukuni irin su Promachus ko Damalis, amma ba kasafai yake kai ka ga takamaiman nau'in da ke cikin rukunin ba. Masana irin su Jason Londt, wanda ya yi aiki a gidan tarihin KwaZulu-Natal da ke Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu, ya kuma bayyana nau'o'i masu yawa na nahiyar, suna duba jijiyoyin fiffike da al'aurar namiji a ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin su yanke hukunci. Don haka in za ka tura hotonka zuwa iNaturalist, shafin intanet da ake tura hotunan halittu don a tantance su, ka rubuta wuri da rana, ka tsaya a sunan jinsi, masana su ƙarasa.