Kurakuran da aka fi yi wajen neman Tintin a ɗakunan karatu da gidajen tarihi

Wanda ya tashi da littattafan Tintin, jarumin labaran zane na ƙasar Beljiyam, a hannu, kamar 'yan'uwanmu da yawa da suka yi karatun Faransanci a Nijar, in ya girma ya tashi bincike a kansu, sunan littafi ne ke fara yaudararsa. Sai ya ɗauka littafin da ya karanta yana yaro shi ne ainihin abin da Hergé, mai zanen da ya ƙirƙiro Tintin, ya zana. A ganina wannan ne babban kuskure, sauran duk 'ya'yansa ne.

Tintin ya fara fitowa ranar 10 ga Janairu 1929 a Le Petit Vingtième, ɓangaren yara na wata jaridar Brussels, babu launi, mako-mako. Daga 1942, saboda ƙarancin takarda lokacin yaƙi, kamfanin Casterman mai buga littattafan ya tsayar da kowane littafi a shafi 62 mai launi, dole aka matse tsofaffin da suka haura shafi 100, wasu ma aka sake zana su. Ɗauki littafin Tintin a Kwango. A bugun 1931 Tintin yana tsaye gaban allo yana koya wa yaran Kwango cewa Beljiyam ce ƙasarsu. A bugun 1946 ajin yana nan, allon yana nan, amma darasin ya koma lissafi. Ɗalibin da ke rubutu kan mulkin mallaka, in na 1946 kaɗai ya gani, abin da ya zo nema ya wuce shi bai sani ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Littafin L'Île noire kuwa sau uku ya fito da fuska daban, a 1938 da 1943 da 1966, na ƙarshen bisa buƙatar masu buga shi a Ingila. Gyaran ba wuya: kada ka ce wa ma'aikacin ɗakin karatu “ina son Tintin na Kwango” ka yi shiru. Faɗi shekarar bugu, faɗi harshe, ka ce mai launi ko marar launi, sannan ka duba yawan shafukan da aka rubuta a kundin littattafansu kafin a ɗauko maka.

A wajen binciken kundin ma ana tuntuɓe. Hergé sunan alƙalami ne, sunan mutumin Georges Remi, don haka a gwada duka biyun. A nemi littafin da sunansa na Faransanci, kuma a tuna jarida da mujalla jerinsu daban da na littattafai.

Sai masu ɗaukar gidan tarihi tamkar ɗakin karatu. Gidan tarihin Hergé da aka buɗe a 2009 a garin Louvain-la-Neuve na Beljiyam wurin kallo ne: zanen hannu a bayan gilashi, ka ga sawun fensir da inda aka shafe kuskure da farin fenti. Ba za a miƙo maka ka juya shafi ba. Kuma haske yana cin takarda, shi ya sa gidajen tarihi ke sauya abin da suke bajewa, wanda ka gani a hoto bara ba lallai ka tarar da shi bana ba. Mai son zama ya karanta ya nufi cibiyar littattafan zane ta Beljiyam da ke Brussels, wadda aka buɗe a 1989, tana da ɗakin karatu. Mai neman tsofaffin jaridu kuma ya tuntuɓi babban ɗakin karatu na ƙasar, KBR. Ko ina za ka, aika saƙo tukuna ka tambaya.

Rashin ganin littafi a kanta ba ya nufin babu shi. A 2007 ɗakin karatu na Brooklyn a Amurka ya janye littafin Kwango daga inda kowa ke ɗauka, bayan ƙorafi kan yadda aka zana baƙar fata, ya mayar da shi ɗaki na musamman da sai an nemi izini.

Akwai kuma rikita abu uku: zanen hannu, bugun farko, da sabon bugu mai kwaikwayon tsoho, irin waɗanda Casterman ya fitar a shekarun 1980. Tazararsu ba kaɗan ba ce. Zanen da Hergé ya yi don bangon littafin Le Lotus bleu an sayar da shi Yuro miliyan 3.2 a Paris a Janairun 2021, alhali sabon bugu kuɗin littafi ne kawai. Kamannin bango kaɗai ba shaida ba ne, a duba shekarar da aka buga da ƙananan haruffa a ciki.

Mai 'yan kwafi a gida ko a ɗakin karatun makaranta, don Allah ya bar liƙa salatif a inda ya yage. Bayan 'yan shekaru gam ɗin yana rinewa ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Kada a manne shafi cikin leda da zafi, ba a iya cire shi daga baya. A ajiye su a kwali mai tsabta, nesa da ƙasa da bango saboda gara da laimar damina, sannan a rubuta shekarar bugun kowanne da fensir a wata takarda daban, a saka a ciki.